Hannu Uku a Rumbun Gwaji

A duk faɗin Zuru babu wanda ya kai Malam Markus son doka, musamman in shi ya rubuta ta. Shekararsa goma sha tara yana koyar da kwamfuta a wata sakandare, a ɗakin da ke da kwamfuta goma sha huɗu, huɗu suna aiki, goma suna taya su zama. Ɗalibai suna kiransa Sai-na-gani a bayan idonsa. Ya san da sunan, kuma a ransa yana jin daɗinsa fiye da yadda ya dace da mutum mai furfura.

Lokacin da hanyoyi suka lalace, aka fara tare mutane tsakanin gari da ƙauyuka, shi da wasu mutum ashirin masu taɓa kwamfuta suka haɗa wata manhaja da suka raɗa wa suna Kuge, wato ƙarfen nan da ake bugawa a faɗakar da gari. Babu mai biyansu. Suka dasa ƙananan na'urori masu aiki da sola a ƙauyuka goma sha biyu ta wajen Ribah da Mahuta da Kanya, kowace a hannun mutumin da aka yarda da shi. In mai tsaron na'ura ya ji an ga masu bindiga, sai ya rubuta layi ɗaya, na'urar ta watsa saƙon zuwa wayar duk wanda ya ba da lambarsa. Cikin shekara biyu mutane suka saba. Kafin mutum ya hau mashin sai ya dubi wayarsa. In shiru, hanya lafiya.

Manhajar tana zaune a wata kwamfuta da suke kira rumbu, kuma rumbun biyu ne. Duk wanda ya yi wa Kuge gyara sai ya zuba shi a rumbun gwaji. Ba zai wuce babban rumbu ba sai mutum uku sun sa hannu, kuma sa hannu rantsuwa ce: na ɗora gyaran a kan na'urata, na aika saƙo, saƙon ya iso. Da zarar hannu ya cika uku, gyaran zai wuce da kansa, kuma kowace asuba na'urorin ƙauyuka suna ɗebo abin da ke babban rumbu ba tare da sun tambayi kowa ba. Malam Markus ne ya rubuta wannan doka. Ya taɓa riƙe gyaran wani har wata guda saboda saƙo ya makara da minti biyu, ya kuma yi shekara yana ba da labarin.

Sai kawunsa ya rasu. Muntasir, mai shagon gyaran waya a bakin kasuwa kuma wanda ya fi kowa rubuta wa Kuge gyara, ya rufe shagonsa ya zo ya zauna makoki kwana uku. Shi ya kawo rumfa, shi ya yi jigilar kujeru daga coci, shi da bai taɓa shiga cocin ba sai ranar. Rana ta uku, Markus ya raka shi bakin ƙofa, dattawa suna zaune suna kallo, Muntasir ya tsaya yana saka takalmi.

"Af, Malam. Gyaran nan nawa shina rumbun gwaji sati biyu, ko hannu guda bai samu ba. Mai hana saƙo zuwa wa mutum sau biyu. In ka samu sarari."

Mutumin da ya zauna maka makoki kwana uku ba a ce masa sai na gani. Ko an ce, ba a bakin ƙofa ba, ba a gaban dattawa ba. Markus ya ciro waya, ya danna, ya juya masa allon.

"An gama."

"Kai, Malam, ban ce yanzu ba."

"Ai ba komai."

A lissafinsa, gobe zai gwada. Hannu ɗaya ba ya buɗe rumbu, kuma mutanen nan sai su yi wata ba su leƙa ba. Goben ta zo da baƙi daga Mahuta, jibi ta zo da jarabawa. Kwana biyar suka wuce.

Rana ta shida matarsa Dinah ta shirya zuwa Ribah barka, ƙanwarta ta haihu. Ƙarfe bakwai da rabi Gabriel ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, aka ɗaure buhun sabulu da yaji a baya.

"Baban Praise, wayarka ta yi ƙara?"

"Shiru."

"Tawa ma. To, Kugenku ya ba mu izini." Ta gyara zama, ta nuna shi da yatsa. "Miyar tana tukunya. Ɗumamawa za ka yi, ba bincike ba."

Ya tsaya har mashin ya sha kwana, sannan ya tafi makaranta.

Ƙarfe tara ba shi da aji. Ya zauna a ɗakin kwamfuta, ya jawo na'urar gwajinsa daga aljihun tebur, ya ce bari ya wanke hannu ko da an gama cin tuwon. Ya ɗora gyaran Muntasir. Ya rubuta "gwaji", ya aika wa lambarsa. Allon ya ce: an aika. Ya ajiye wayar a kan tebur yana jira.

Wayar ba ta motsa ba.

Ya ɗaga ta ya dubi sabis, a cike yake. Ya sake aikawa. An aika. Ya fita ya ari wayar malamar lissafi, ya sa lambarta, ya aika. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wayarta, tana kallonsa.

"Malam, me ake jira?"

"Babu komai. Na gode."

Da ta tafi ya buɗe shafin rumbu, don ya janye hannunsa a asirce kafin kowa ya lura. Gyaran ba ya rumbun gwaji. A ƙarƙashin sunansa akwai na Joel, a ƙarƙashin na Joel akwai na Kamila, dukansu abokan aikinsa a Kuge, jiya da la'asar. Hannu uku. Gyaran ya wuce babban rumbu tun jiya, kuma asubar yau na'urori goma sha biyu sun ɗebo shi.

Shirun da shi da Dinah suka duba da safe, shirun da ta hau mashin a kansa, ba shirun hanya ba ne.

Ya kira ta. Layi ba ya shiga. Ya kira Gabriel, haka. Ya san da an yi nisa da gari sabis yana yankewa, ya faɗa wa kansa haka sau biyu, bai ji ya yarda ba. Ya kira Joel.

"Joel, gyaran Muntasir, a kan wace na'ura ka gwada?"

Joel ya ce, "Malam, ai na ga sunanka. Abin da Sai-na... abin da kai ka duba, ni wa zan duba?"

Bai kira Kamila ba. Ya riga ya san amsar.

Ya kira Muntasir, shi kuma ya iso cikin minti goma, da sukuddireba a aljihun gaba. Ya zauna gaban na'urar yana rantsuwa cewa ya gwada, ya gwada sau ashirin. Ya sa tasa lambar, ya aika, wayarsa ta yi ƙara nan take.

"Ka gani? Mi ya same ta? Lafiya lau take."

"Sake rubuta lambarka in gani."

Muntasir ya rubuta. Ya fara da 234, yadda yake adana kowace lamba a shagonsa. Markus ya rubuta tasa a ƙasa, ya fara da sifili, yadda manomi da ɗan kasuwa da kowace tsohuwa suka karanto tasu ranar da aka yi musu rajista. Suka dubi lambobin biyu. Gyaran yana tsince masu 234, ya zubar da masu sifili, sannan ya ce an aika.

"Mutum nawa ne nasu ya fara da 234?" in ji Markus.

Muntasir ya duba. "Cikin dubu biyu da wani abu, tara. Huɗu nawa ne."

Mabuɗin babban rumbu yana hannun Rachael, ma'aikaciyar ajiyar takardu a wani asibiti, wadda Markus ya koya wa riƙe linzamin kwamfuta tana aji ɗaya. Ya kira ta, ta ɗauka a bugu na biyu, ta saurara har ya gama.

"Zan mayar da tsohon, Malam. Amma rumbu ba zai bar ni in cire abin da ke da hannu uku ba, sai ɗaya ya janye nasa, ya rubuta dalili a shafi inda kowa zai gani. Sashe na huɗu."

"Na san sashe na huɗu."

"Na san ka sani."

Ya buɗe gurbin dalili. Yatsunsa suka fara da kansu: an gano wata matsala wadda ba ta bayyana ba a lokacin... Ya tsaya. In ya rubuta haka, Rachael za ta ɓata lokaci tana tambaya wace na'ura, wane layi, me ya bambanta gwajin farko da na yau. Ya goge. Ya rubuta: Ban gwada ba. Ya aika.

Ya ji numfashinta a waya lokacin da ta karanta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Na cire," ta ce. "Amma na'urorin ba za su ɗebo ba sai asubar gobe. Sai an kira masu tsaro ɗaya bayan ɗaya, a karanta musu yadda za su mayar da tsohon da hannunsu. Ni zan ɗauki na Mahuta da Kanya."

"Ni zan kira Abu."

Abu mai kemis ne ke riƙe da na'urar hanyar Ribah. Ƙauyensa yana can gaba da kwarin da hanya take gangarawa ta tsallake rafi, inda itatuwa suka rufe gefe da gefe, kuma a bakin shagonsa ne kawai sabis yake kamawa. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam, kun gani ko? Tun takwas da minti goma na aika."

Markus ya dafa tebur. "Me ka aika?"

"Wani mai kiwo ne ya zo a guje, ya ce ya ga mashina kamar goma sha biyar sun sauka kwari, bibbiyu, da bindigogi. Na aika, ta ce an aika. Bai zo muku ba?"

"Abu, wani ya iso nan daga wajenmu yau?"

"Ko ɗaya. Shi ya sa na ce saƙon ya yi aiki."

Takwas da minti goma. A lokacin Dinah tana inda sabis yake kamawa, wayarta a cikin jaka a kan cinyarta. Da ƙarar ta zo, da Gabriel ya juya. Yanzu tara da rabi ta wuce. Mai mashin da ya bar Zuru bakwai da rabi yana isa kwarin wajen ƙarfe tara, kuma babu wanda ya fito ta ɗaya gefen.

Ya miƙe ya ɗauki makullin mashinsa. Muntasir ya tare ƙofa.

"Ina za ka?"

"Matsa."

"Ka tai ka yi mi? Da alli za ka yaƙe su? Malam, akwai mutane tasha yanzu haka suna duba waya suna ɗaure kaya. Ni na rubuta sabon gyara, layi biyu ne, bari in karanta wa Abu..."

"Ka gwada shi?"

"Tukuna," in ji Muntasir.

Markus ya ajiye makullin. Ya koma ya zauna. Ya ce a bar sabon gyara, tsohon za a mayar, wanda aka san halinsa. Ya rubuta matakan a bayan takardar jarabawar wani yaro, guda biyar. Abu yana kan layi yana cewa a karanto masa, a karanto masa, kuma duk jikin Markus yana so ya karanto. Amma in mataki ɗaya ya karkace, na'urar Abu za ta mutu gaba ɗaya, babu mai tayar da ita sai an je can. Ya ce Abu ya jira. Ya bi matakan a kan tasa na'urar, yana buga harafi yana kuskure yana gogewa. A mataki na uku na'urar ta tsaya cak. Ya manta da kalma ɗaya. Ya gyara a takarda, ya sake daga farko. Minti shida abin ya ci, kuma a cikin kowane minti ya ga Dinah a wani hali dabam, babu mai kyau.

Ya sa lambarsa da sifilinta, ya aika. Wayar ta yi ƙara a kan tebur, har Muntasir ya zabura.

Ya karanta wa Abu, harafi bayan harafi, Abu yana maimaitawa kamar mai karɓar karatu. Ƙarfe goma da minti biyar wayarsa ta sake ƙara, ta Muntasir ta yi, ya jiyo ta malamar lissafi a aji na kusa. Ya buɗe. An ga masu bindiga a kwarin hanyar Ribah, kada kowa ya bi. Shi ya tsara yadda za a riƙa rubuta irin wannan saƙo, gajere, ba ado. Bai taɓa karanta shi a matsayin mijin wata ba.

Ya hau mashin ya tafi tasha. 'Yan kabu-kabu suna kwance kaya, kowa da waya a hannu. Wani ya hango shi ya ɗaga murya, "Malam, Allah ya saka. Yanzu zan tashi ke nan." Markus ya ɗaga masa hannu, ya wuce bakin hanya, ya tsaya inda ake hango mai zuwa daga nesa. Ya kira Dinah. Ya kira Gabriel. Ya kira ƙanwarta a Ribah, ta ce ba su iso ba, lafiya dai? Ya ce lafiya, ya kashe. Ya yi ƙoƙarin yin addu'a, ya tarar duk addu'o'in da ya sani sun fi dacewa da mutumin da ba shi ya jawo ba.

Sha ɗaya ta wuce. Wata mai ƙosai ta miƙo masa benci, ya zauna, ya tashi. Ya tuna da miyar da ke tukunya, sai ya ji ba zai iya shiga gidan ba.

Sha biyu saura kwata wani mashin ya ɓullo. Ya ga buhu a baya kafin ya ga fuska. Gabriel ya tsaya a gabansa, Dinah ta sauko tana dafa ƙugu, ƙafarta ta yi tsami.

"Baban Praise, me kake yi a nan? Wa ka bar wa yaran mutane?"

Ya kama buhun sabulun ya riƙe, don shi ne abin da ya fi kusa.

Gabriel ne ya ba da labari. Sun kai ƙauye na ƙarshe kafin gangaren, sai Mama Dinah ta ce a tsaya. Ta ce tun da suka bar gari ba su yi kiciɓis da mashin ko ɗaya daga Ribah ba, kuma ba a taɓa haka ba da safe. Shi ya nuna mata waya, ya ce Kuge bai buga ba. Ta ce waya ba ta da ido.

"Na ce masa sai na ga mutum ya fito daga kwarin nan da ƙafafunsa, in tambaye shi," in ji Dinah. "Haka uwata take yi tun ba a san waya ba. Muka zauna gindin mangwaro awa ɗaya da rabi, yana ta min ƙunƙuni. Babu wanda ya fito. Muka juyo. Muna shigowa sabis sai ga saƙonku, sai ka ce ɗan sanda bayan an gama faɗa." Ta dube shi da kyau. "Me ya same ka?"

Ya gaya mata, nan a bakin hanya, Gabriel yana ji. Makoki, bakin ƙofa, hannu, kwana biyar. Bai sa ado ba, ya riga ya gwada sa ado da safe bai yi ba.

Gabriel ya sunkuyar da kai yana murza makulli.

"Mutum ɗaya ya wuce mu," in ji Dinah.

"Wa?"

"Aaron mai taki, mijin Beatrice. Da buhu biyu a baya. Na tsayar da shi, na ce ya zauna mu ga hanya. Ya yi dariya, ya ciro waya ya nuna min. Ya ce, Mama, ke ce za ki ji tsoro? Ai maigidanki ne ke duba abin nan, Sai-na-gani guda." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ya gangara wajen tara da kwata."

Markus ya kira Abu. Abu ya ce har yanzu babu wanda ya iso, amma 'yan banga sun fita, in an ji wani abu zai faɗa. Ya kira lambar Aaron da Gabriel ya ba shi. Layi ba ya shiga.

"Ka gaya wa mutanenku?" in ji Dinah.

"Na rubuta a shafi."

"Beatrice ba ta karanta shafinku. Saƙon nan ya shiga wayarta tun ƙarfe goma, kuma ta san hanyar da mijinta ya bi." Ta karɓi buhun daga hannunsa ta miƙa wa Gabriel, ta ce ya kai gida. "Mu je."

"Me zan ce mata?"

"Abin da ka ce min. In ya so ka zauna da ita har a ji labari. Ka san yadda ake zama, an yi maka kwanan nan."

Gidan Aaron yana bayan kasuwa, tafiyar minti goma a ƙafa. Suka bar mashin a tasha. Markus yana tafe da wayar a tafin hannu, allon a sama, yana dubawa duk taku uku, har Dinah ta ce ya kalli gabansa kada ya faɗa kwata. Daga bakin lungu suka hango Beatrice tsaye a ƙofar gida, goyo a baya, waya a kunne. Da ta gane wanda ke tafe sai ta sauke wayar, fuskarta ta ɗan saki, ta taho da sauri ta tarye shi.